Kofin da Aka Ware

Ranar Litinin da hantsi Direba ya dawo da burodi tire goma sha ɗaya. Ya jera su a bakin ƙofar gidan burodin, ya koma ya jingina da motarsa yana sakace.

Kawu ya ɗauki guda ya latsa. Saman ya faɗa ciki kamar kumatun marar haƙori. Ya ɓare shi, ya ga ramuka manya-manya, ya kai hanci. Tsami.

Shekara ashirin da shida Kawu yana kwaɓi a gidan, tun zamanin marigayi Maigida, lokacin da ba a sayi inji ba. Bai taɓa ɗora komai a sikeli ba. Buhun fulawa ɗaya, yis kofi uku a share bakin da yatsa, a bar kwaɓi awa ɗaya da rabi ya tashi. Haka aka koya masa, haka yake yi, kuma haka unguwanni huɗu suka saba karyawa. Yau mako uku ke nan kwaɓin yana tashi kamar ana korarsa, ya cika gwangwani ya tumbatsa, da ya shiga tanderu sai ya kwanta.

Mako uku ke nan kuma da aka ɗauki sabon ma'aikaci.

Mutumin ɗan tsallaken gada ne, daga cikin mutanen da ruwa ya cinye ƙauyukansu shekarun baya, aka zube su a wancan gefen kogi. A cikin gari ana cewa hannunsu tsami ne da shi: in sun taɓa madara ta lalace, in sun leƙa tukunya miya ta juya. Akasari da dariya ake faɗa. Amma ba a cika ba su hayar ɗaki ba, kuma mai shayi yakan ɗauraye kofi sau biyu bayan tashinsu. Wannan ɗin ya kai shekara arba'in, yana da 'ya'ya uku, ya yi aiki a wani gidan burodi da aka rufe a can gefensu. Aikinsa yanka kwaɓi da shafa wa gwangwanaye mai. Ba wanda ya tambayi sunansa sau biyu. Na-Tsallake kawai ake ce masa, yana kuma amsawa.

Ranar da ya fara aiki aka yi 'yar muhawara a bakin durom ɗin ruwan sha. Kofi ɗaya ne a rataye, kowa da shi yake sha. Mai Tanderu, wani ƙato mai muryar da ke cika ɗaki, ya ce shi dai ba ya haɗa baki da kowa, ciwon haƙori yake yi. Direba ya ce shi ma nasa haƙorin ya fara motsi. Manaja, 'yar marigayi Maigida, wadda ta gaji gidan, ba ta son hayaniya. Ta aika aka sayo sabon kofin ƙarfe fari mai shuɗin baki, ta ce a ba baƙon.

Kawu ne ya karɓi kofin. Ya juya shi a hannu, ya ga yana ƙyalli. Irinsa ɗaya da tsohon kofin da yake awon yis da shi, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, tambarin kamfani ɗaya. Ya ce a ransa, mutum ya zo yau ya fara da sabo, mu da muka tsufa a nan muna fama da tsoho? Ya jefa sabon cikin gwangwanin yis, ya wanke tsohon ya ɗaura masa jar waya a mariƙi, ya ajiye a kan taga, nesa da durom.

"Ga naka nan," ya ce.

Na-Tsallake ya ce ya gode.

Yanzu Manaja ta fito daga ofis ta tsaya kan tirorin burodin da aka dawo da su. Kawu take ce masa tun tana rarrafe a tsakanin buhunan fulawa, daga bakinta ma sunan ya bi gidan. Ta kira shi gefe.

"Kawu, masu shago uku sun ce kada a ƙara kai musu."

"Fulawar bana ce, 'yata. Ga kuma zafi."

"Gidan burodin bakin kasuwa fulawarmu suke saye, kuma rana ɗaya ce take dukanmu." Ta rage murya. "Ni ban yarda da maganar su Mai Tanderu ba. Makaranta na yi. Amma kwanan wata ba ya ƙarya, ranar da ya zo abin ya fara. In ba shi ba ne, to hannunka ne ya gaji. Ranar Asabar zan yanke magana. Ɗayanku zai huta."

Ta koma ofis. Kawu ya dubi hannayensa, gaba da baya. Ba su rawa. Ya ɗaga kai ya hangi Na-Tsallake yana shafa mai a gwangwani, kansa a sunkuye, kamar wanda bai ji komai ba. Wannan sunkuyen kan ne ma ya fi ba Kawu haushi. Mutum mai gaskiya, a ganinsa, yakan ɗaga kai ya kalli mutane.

Ranar Talata Kawu ya cire Na-Tsallake daga teburin yanka, ya mayar da shi tsakar gida wankin gwangwanaye. Ko sau ɗaya bai taɓa kwaɓi ba. Burodi ya faɗa.

"Ai ba sai ya taɓa ba," in ji Mai Tanderu, yana zaro tire da doguwar sanda. "Surukata ta taɓa ɗaukar ɗaya daga cikinsu wanki. Wucewa kawai ta yi ta bakin kicin, miyar kwana biyu ta tafi."

"Miyar kwana biyu ai ko malami ne ya wuce za ta tafi," in ji Direba.

"Yi dariyarka. Ranar da aka rufe gidan nan sai ka ɗauki tsami a motarka ka kai wa mutane."

Kawu ma bai yarda da zancen wucewa ba. Abin da ya yarda da shi ya fi wannan sauƙi: mutum yana iya zuba wani abu. Gidan burodin tsallake an rufe shi, wa ya san wanda ke neman buɗe wani, yana son cinikin unguwanni huɗu?

Ranar Laraba ya buɗe sabon kwalin yis, ya sa aka kawo fulawa daga wani dila, ya sayi kwaɗo da kansa ya garƙame sito, ya rataya makullin a wuya. Ya auna kofi uku, ya share baki da yatsa. Ya zauna kan buhu yana gadin kwaɓin bai ko tashi fitsari ba. Kafin awa guda ya cika kwaɓin ya ɗaga zanen da aka rufe shi da shi.

Da rana ya ga Na-Tsallake ya juya baya a bakin famfo, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu. Farin gari ne a ciki. Kawu ya tsallake gwangwanaye biyu ya cafke masa wuyan hannu.

"Mene ne wannan?"

"Maganin gyambon ciki ne, Kawu."

"Sha in gani."

Mutumin ya dube shi. Ya zazzage garin a tsohon kofin nan mai jar waya, ya tara ruwa, ya shanye. Ya sake tarawa ya sha, ya sake tarawa.

"Kofin ba ya ɗaukar ruwa," ya ce, kamar mai ba da haƙuri. "Sai na yi uku."

Kawu ya saki hannunsa ya koma ciki. Maganar kofin ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Abin da ya riƙe shi ne mutumin bai yi fushi ba. Wanda aka cafke a kan ƙarya ai tsalle yake yi.

Da yamma a gida ya zauna gaban abinci yana juya cokali. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun kafin ta yi furfura, tana ninke kayan jikokinsu.

"Ko abincin ma ɗan tsallake ne ya wuce ta kansa?"

"Ki bar wasa, Tsohuwa. Aikina ake magana."

"Shekara tara nake sayen madara wurin 'yar tsallaken nan ta bakin gada. Ba ta taɓa lalace mini ba sai ranar da ka bar firij a buɗe."

"Wannan daban ce."

"Kowa da tasa guda ɗaya da take daban," ta ce, ta ci gaba da ninki. "Ni dai na ce ka je a duba maka ido. Rannan 'yarka ta shigo ka gaishe ta da sunan ƙanwarta."

Maganar idon ta fi yi masa zafi a kan ta madarar.

Alhamis ta wuce kamar Laraba. Ranar Juma'a Kawu ya canja dabara. Da aka tashi hutun ƙarfe goma sha ɗaya, ya bar kwaɗon sito a rataye bai danna ba, ya ce zai je kemis. Ya fita ta ƙofar gaba, ya zagayo ta lungu, ya shiga sito ta ƙofar da ake sauke kaya, ya tsuguna bayan buhunan fulawa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya jira.

Bai fi minti goma ba ƙofa ta motsa. Na-Tsallake ya shigo a hankali, ya waiga, ya nufi gwangwanin yis kai tsaye. Ya buɗe murfin ya sa hannu.

Wani daɗi ya ratsa Kawu, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka. Ya miƙe.

"To! Allah ya kama ka."

Mutumin ya firgita, amma bai gudu ba. Sabon kofin awo ne a hannunsa na dama. A na hagu kuma nasa ne mai jar waya, da gorar ruwa a hammata.

"Kawu, kafin ka kira mutane, ba ni minti ɗaya."

Ya ajiye kofunan biyu a kan murfin gwangwani. Ya cika sabon da ruwa har baki. Ya ɗaga ya juye cikin tsohon. Tsohon ya cika, ya tumbatsa, ruwa ya gangara ƙasa, kuma har yanzu da saura a cikin sabon, ya kai kashi ɗaya cikin uku.

Kawu ya karɓi tsohon kofin ya zubar da ruwan, ya kifa shi. Gindin ya lotsa ciki, ya yi tudu kamar an danna da dunƙulen hannu. Ya san dalili. Shekara ashirin da shida yana buga gindin kofin a gefen kwamin kwaɓi don yis ya kakkaɓe. Kaɗan-kaɗan kofin ya riƙa raguwa, shi kuma ya riƙa daidaita lokacinsa da ruwansa a kai, bai sani ba. Kofi uku na sabon ya haura huɗu na tsohon.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zato nake tun makon jiya. Yau na tabbatar."

"Ka kasa buɗe baki?"

"Na faɗa wa Mai Tanderu a duba awo. Ya ce ɗan tsallake ne zai koya wa Kawu awo?" Ya rufe gorarsa. "In na je wurin Manaja, cewa za a yi ni na musanya su. Daga bakinka kawai za ta zauna."

Ya ɗauki kofinsa ya fita, ya bar Kawu da jiƙaƙƙen siminti.

Kawu ya daɗe a tsaye. Abin da ya fara zuwa masa ba kunya ba ce, lissafi ne. Gobe Asabar. In aka sallami mutumin, ranar Litinin sai ya auna kofi biyu da sabon, burodi ya dawo yadda yake. Kowa zai ce ai dama an faɗa. Manaja za ta ba shi haƙuri. Ba wanda zai ƙara maganar ido ko hannu. Amma in ya gyara yau, mutumin yana nan, sai an tambayi me ya canja.

Ƙarfe goma sha biyu aka kunna inji don kwaɓin rana. Kawu ya cika sabon kofi, ya share baki da yatsa, ya zuba. Ya sake. A na uku hannunsa ya tsaya a sama. Ta taga ya hangi Na-Tsallake a bakin famfo, soso a hannu, yana kallonsa. Duk da haka Kawu ya zuba.

Burodin yamma ya faɗa.

Ranar Asabar ƙarfe tara Manaja ta tara su a ɗakin kwaɓi. Ba ta zauna ba. Ta ce ba ta zargin kowa da komai, kuma ba ta son a fita a ce ta kori mutum saboda inda ya fito. Amma gidan na mutum goma sha huɗu ne, ba za ta bari ya nutse ba. Kawu ya yi wa mahaifinta aiki tun kafin ta yi wayo. Saboda haka baƙon zai tafi, za ta rubuta masa takardar shaida mai kyau.

Na-Tsallake ya cire rigar aiki ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur. Ya ce ya gode da zaman da aka yi.

"Kada ka manta da kofinka," in ji Mai Tanderu. "Ba mai gadonsa a nan."

Mutumin ya je taga ya ɗauko. Ya warware jar wayar a nutse, ya sa ta a aljihu. Ya zo ya ajiye kofin a gaban Kawu.

"Ga shi, Kawu. Za ka neme shi ranar Litinin."

Ya juya ya nufi ƙofa.

"Me zai yi da shi ranar Litinin?" in ji Manaja.

Ta dubi Kawu. Kawu ya san abin da zai yi maganar ta wuce: ya ɗaga kafaɗa, ya ce wa ya san maganar mutanen nan. Direba ma har ya fara murmushi, yana jiran a ba shi abin dariya. Kofin na nan a kife kan tebur, gindinsa a sama, duk wani lotsi da ke jikinsa Kawu ne ya yi shi.

"Dakata," ya ce wa mai fita. "Direba, ɗebo mini ruwa."

Ya ɗauko sabon kofin daga sito. Ya yi abin da aka yi masa jiya, a gaban kowa. Ruwa ya malale kan teburin yanka ya ɗiga a takalmin Mai Tanderu. Ya yi bayani a taƙaice: kofin da aka sayo wa baƙo, da wanda ya ba shi, da dalilin da ya sa ya musanya.

Manaja ta ɗauki kofunan biyu ta leƙa cikinsu.

"Wa ya gano?"

"Shi."

"Yaushe ya faɗa maka?"

"Jiya."

"Kafin kwaɓin rana, ko bayansa?"

Na-Tsallake yana bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ba alamar zai ce komai.

"Kafin," in ji Kawu.

Manaja ta ajiye kofunan. Ta miƙa hannu, tafin a sama. Kawu ya ɗan yi jim kafin ya gane. Ya cire igiyar makullin sito daga wuyansa ya ɗora mata.

"Don darajar Babana ba zan ce ka tafi ba, Kawu. Amma kwaɓi ya bar hannunka. Daga Litinin kana teburin leda." Ta juya wurin ƙofa. "Kai kuma dawo ka ɗauki rigar aikinka. Ka iya aiki da sikeli?"

"Da shi muke yi a can."

"Za a kawo yau."

Ranar Litinin burodi ya fito da ƙoƙon kai a tsaye, launin ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin da unguwanni huɗu suka sani. Kawu yana zaune kan kujera mara baya yana zura shi a leda, yana ƙullewa. Aikin ba wuya, sai dai yatsunsa ba su saba ba. Daga inda yake yana jin Mai Tanderu da Direba.

"Ka gani ko?" in ji Mai Tanderu. "Haka suke. Shiru-shiru, kai a ƙasa, kafin ka farga sun zare maka kujera. Mako uku ya sani yana kallon tsoho yana nutsewa."

"Ba kai ya faɗa wa ba?"

"Ni? Yaushe?"

Da aka tashi hutu, Kawu ya je bakin durom. Tsohon kofi yana ofis, Manaja ta zuba biro a ciki. Taga babu komai. Na-Tsallake ya fito daga ɗakin kwaɓi yana goge gumi, fulawa har gira. Kawu ya ciro kofin kowa daga ƙusa, ya cika, ya sha rabi, ya ƙara ruwa, ya miƙa masa. Mai Tanderu ya daina tauna.

Na-Tsallake ya dubi kofin. Ya sa hannu a jakarsa ya zaro gora.

"Na gode, Kawu. Na zo da nawa." Ya buɗe murfin. "Kada gobe haƙorin wani ya motsa a ce ni ne."

Direba ya tuntsire da dariya, shi kaɗai. Kawu ya tsaya da kofin a hannu, ruwa yana ɗiga a yatsunsa. Ya shanye, ya mayar kan ƙusa, ya koma teburin leda.